Ɗan Dirama Mai Harshe Biyu, Malami a Aji: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan kana Kebbe, ko Kuchi, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ɗanka ko ƙanenka ya zo maka da maganar yana son ya karanta wasan kwaikwayo, na san inda hankalinka zai fara zuwa: finafinan Kano, da rawa da waƙa, da abin da mutane za su ce. Ba laifinka ba ne, abin da ido ya saba gani a waya ke nan. Amma akwai wata hanya da ta girmi fim nesa ba kusa ba, wadda mutum zai tsaya gaban jama'a ido da ido ya yi wasa, yau da Hausa gobe da Turanci, gari ya waye kuma ya ɗauki alli ya shiga aji. Ita za mu bi daki-daki.

Wace irin sana'a ce wannan?

Aiki uku ne a wuyan mutum ɗaya. Akwai wasan dandamali. Dandamali shi ne wurin da aka keɓe, ko aka ɗan ɗaga, domin 'yan wasa su tsaya kowa ya gan su. Yana iya zama babban zauren jami'a mai fitilu, yana iya zama filin firamare da aka shata da toka. Bambancinsa da fim shi ne babu kyamara, ba a cewa a sake. In ka manta maganarka, a gaban mutane ka manta ta, a gabansu kuma za ka san yadda za ka fita.

Sai harshe biyu. Ba jin Turancin gaisuwa ake nufi ba. Ana nufin ka fito a matsayin lauya da Turanci, mai jin Turanci ya yarda lauya ne, ka juya ka fito a matsayin dillalin shanu da Hausa, Bahaushe ya rantse ya san mutumin nan a kara. A Nijar, Faransanci ne a gurbin Turanci.

Na ukun koyarwa. A firamare da ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasaha, wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da CCA, ya ƙunshi zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. A kwalejojin ilimi da jami'o'i kuma akwai sassan da suke koyar da shi a matsayin fanni mai zaman kansa.

Ba Turawa ne suka kawo mana shi ba?

Rabi da rabi. Kwaikwayo kam mun gaje shi. In azumi ya kai goma yara sukan fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani. Bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata a ƙauyuka da dama sukan yi kalankuwa, a naɗa sarki da alƙali da ɗan sanda na wasa, a yi shari'a har a ci tara. A gidajen sarauta mata suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarki ya ga tafiyarsa da maganarsa a jikin wata, ya gane abin da ba mai iya faɗa masa baki da baki. Ga kuma 'yan kama, masu shigar malamai suna wa'azin tuwo da miya.

Abin da boko ya zo da shi shi ne rubutaccen wasa, wanda ake raba shi kashi-kashi da fitowa-fitowa, a haddace, a yi ta bita kafin ranar nunawa. Lura da waɗanda suka fara: mutanen makaranta ne. Rupert East, Baturen ilimi da ya shugabanci hukumar talifi a Zariya, ya fitar da wasannin Hausa shida a shekarun 1930 domin 'yan makaranta. Daga lardin Sakkwato, Abubakar Tunau, mutumin Mafara, ya rubuta Wasan Marafa a shekarun 1940 a kan tsafta da kiwon lafiya. Malam Aminu Kano, kafin ya shiga siyasa gadan-gadan, malami ne a Midil ta Bauchi, daga baya a kwalejin horon malamai ta Maru, wadda a lokacin tana cikin lardin Sakkwato, kuma ya rubuta wasanni yana caccakar cuta da zalunci ta bakin 'yan wasa. Wanda ya karanta Hausa a sakandare, da wuya bai haɗu da Uwar Gulma na Mohammed Sada ba, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ka ga ke nan tun asali alli da dandamali tare suka taso.

Su wa suka bi wannan hanya har aka san su?

Mu fara da marigayi Ƙasimu Yero, Bazazzagi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Masu kallon talabijin ta Kaduna sun san shi a Karambana da Magana Jari Ce. Mutanen Legas da Inugu kuwa, waɗanda ba su jin ko "zo in kashe ka", sun san shi da sunan Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci da NTA ta fara nunawa a 1980, aka ɗauke shi a wajejen Jos domin jawo hankalin 'yan ƙasa su koma gona. Mutum ɗaya, jama'a biyu, kowace na ganin nata ne.

Akwai hannun Sakkwato a cikin wannan shiri. Peter Igho, wanda ya shirya shi, a gidan talabijin na Sakkwato ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1970. Sadiq Daba, wanda ya fito a matsayin Bitrus, shi ma ya yi aiki a can. Shekaru fiye da talatin bayan Bitrus, Daba ya fito a matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fita a 2014, ya kuma ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta Afirka a 2015. Daga gidan talabijin na Sakkwato ne kuma shirin Idon Matambayi ya fito, wanda dattawan Tambuwal da suka ga zamanin akwati mai baƙi da fari ba za su manta ba, don da Hausarsu ake magana a ciki.

Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, nasa salon daban ne. Banufe ne, tsohon soja, ya rasu a 2023. Shi bai raba harsunan biyu ba, cakuɗa su ya yi, Hausar bariki da Turancin fareti a jimla ɗaya, kuma daga wannan cakuɗar ce dariyar take fitowa.

Amma in kana neman wanda ya haɗa ukun nan cif, leƙa Nijar. Yazi Dogo malamin makaranta ne, ya jagoranci ƙungiyar wasa ta Damagaram a shekarun 1970, zamanin da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, ana gasar wasanni tsakanin jihohi a bikin matasa na ƙasa. Daga baya ya koma Yamai ya ci gaba da horar da 'yan baya. Ƙungiyoyin Nijar na wancan lokaci ba su cika rubuta wasa kalma da kalma ba. Sukan zauna su daddale labarin, a san abin da zai faru a kowace fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya zo da maganarsa daga cikinsa. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta bi su ta yi nazari, ta fitar da littafi a kai a 1987. A irin waɗannan wasanni Hausa ce uwar tafiya, Faransanci kuma yakan fito a bakin ma'aikaci mai ji da kansa, wanda yake neman ya rikita talaka da shi.

A Najeriya, takwaran wannan shi ne abin da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a can. Aka gina gidan wasa na jar laka irin ta ginin gargajiya, mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun tashi daga wannan makaranta. Da Turanci suke karatu a aji, amma da Hausa suke fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo su yi wasa da manoma.

Me harshe biyu yake ƙara wa ɗan wasa?

Abu na farko a fili yake: kasuwarsa ta faɗaɗa. Mai Hausa kaɗai yana da Arewa da Nijar da zangunan Gana, ba kaɗan ba ne. Mai Turanci kuma yana iya tsayawa a Abuja ko Legas, yana iya rubuta takardar neman tallafi, yana iya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu. Dubi Sani Mu'azu na Jos, ko Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar finafinai ta ƙasa a farkon 2024. Duk biyun sun yi aiki Kudu da Arewa saboda bakinsu biyu ne.

Na biyun ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ainihin gwanintar. A ƙasarmu harshe yana nuna matsayi. A ce ana wasa a kan asibiti. Tsohuwa ta kawo jikanta jikinsa rau da zazzaɓi, ma'aikaci yana rubutu bai ko ɗaga kai ba, yana jefo mata tambaya da Turanci. Ga masinja a tsakani yana tafinta, likita ya faɗi magana uku, shi ya isar da ɗaya, ya ƙara tasa guda biyu. 'Yan kallo za su kwashe da dariya, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin asibiti ya san ba dariya kaɗai ba ce. Ɗan wasan da zai yi masinjan nan dole ya ji harsunan biyu sosai, domin sai ka san daidai kafin ka iya yin kuskure da gangan, kuma ka yi shi a inda zai yi ciwo.

Akwai kuma fassara. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali a shekarun 1970. Irin wannan aiki ba na mai ƙamus ba ne. Barkwancin da ya ba Bature dariya yana iya faɗuwa warwas a gaban Bahaushe, sai ɗan wasa ya nemo wanda zai tsaya a madadinsa.

A nan zan faɗi ra'ayina. Yaron Kebbe da ya shiga wannan hanya ba harshe biyu zai riƙe ba, uku ne: Sakkwatancin da ya sha a nono, da daidaitacciyar Hausa ta littafi da rediyo, da Turanci. Kuskuren da yara da yawa suke yi shi ne, da sun je birni an yi musu dariyar "mi" da "wanga" da "tahi", sai su yi ta ƙoƙarin wanke bakinsu. Koyon daidaitacciyar Hausa wajibi ne, don da ita za ka koyar, da ita za a yi maka jarrabawa. Amma zubar da ta gida asara ce. Masu Kananci sun yi yawa a wannan sana'a. Wanda zai tsaya a kasuwar ƙauye a kudancin Sakkwato ya yi magana tsoho ya ji kamar ɗan maƙwabcinsa ne, shi ne ake nema da fitila. Abin da ban so shi ne yadda wasu finafinai suka mayar da Basakkwace abin dariya kawai, kullum shi ne baƙauye ko mai gadi. Ɗan wasa mai ilimi yana iya fito da alƙali ko likita mai Sakkwatanci, kuma ya kamata.

Yaya koyarwar take a aikace?

Shiga aji ka gani. Malam ya sa an tura bencina jikin bango. Ya tsayar da yarinya ɗaya a gaban allo, ya tura wata can ƙarshen aji, ya ce ta farkon ta faɗi sunanta da na unguwarsu yadda ta bayan za ta ji, ba tare da ihu ba. Karo na farko murya a maƙogwaro take, ba mai ji. Sai ya ce ta ɗora hannu a ciki, ta ja numfashi har hannun ya motsa, ta sake. Wannan shi ake kira sarrafa murya. Bayansa akwai tsayuwa, kada ka juya wa 'yan kallo ƙeya, kada ka tare abokin wasanka. Akwai sauraro, domin mai jiran a gama magana ya faɗi tasa daban, mai saurare daban, kuma 'yan kallo suna gane bambancin.

Ba duk yaran nan ne za su zama 'yan wasa ba, ba a ma so su zama. Amfanin shi ne yaron da ya saba tsayawa gaban aji ba zai daburce gaban masu ɗaukar aiki ba. Turancin da ya haddace yana motsi da shi, yana fushi da shi, yana roƙo da shi, ya fi zama a kansa fiye da wanda ya kwafa daga allo.

A waje da makaranta kuma akwai abin da 'yan Zariya suka yi suna a kai, wato wasan wayar da kai, wanda masana ke kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Ba a zuwa da wasa a aljihu. Ana shiga gari a gaida hakimi ko maigari, a zauna da mutane kwana da kwanaki ana sauraro: taki ne bai iso ba, ko rijiya ce ta ƙafe, ko rikicin burtali ne tsakanin manomi da makiyayi. Daga abin da aka ji ake ƙulla labari, mutanen garin su shiga cikin wasan. Wani lokaci a tsayar da wasa a tsakiya a tambayi 'yan kallo: in kai ne wannan mutum, me za ka yi? Muhawarar da za ta biyo baya ita ce ribar, ba tafi ba. Hukumomin lafiya sun yi amfani da dirama sosai a yaƙi da shan inna, kafin a tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

A ina ake koyo, kuma shekara nawa?

Hanya mafi kusa da kai ita ce takardar malanta ta NCE, shekara uku, a haɗa Hausa da Turanci. Makarantar horon malamai ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ta daɗe tana yaye irin waɗannan malamai. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ana nazarin wasan kwaikwayo a cikin adabin Hausa da na Turanci. In kuwa digiri kake so a kan wasan kansa, sai ka nufi Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Jos. Shekara huɗu ne, sai ta bautar ƙasa. A Jos ɗin kuma akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa.

Ga abin da yake kayar da yara da yawa: ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma adabin yana cikin darussan da za ka zauna a JAMB. Makarantun karkara da dama ba su da malamin adabin Turanci, sai yaro ya gama sakandare sannan ya ji labari. In ɗanka yana da wannan sha'awa, tun yana aji ɗaya na babbar sakandare za ka bincika. Wanda zai koyar kuma yana bukatar rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Ana cin abinci da ita?

Da wasan dandamali kaɗai, a yankinmu, a'a. Gara ka ji gaskiya tun yanzu. Ba mu da al'adar yankar tikiti don kallon dirama a ƙauye, kuma ba za a fara ta a kanka ba. Wanda ya shirya wasa shi zai nemo kuɗin mota, da sutura, da hayar lasifika, da man janareta, da abincin 'yan wasa. Matsalar tsaro ta sa taron dare da tafiyar yamma sun zama abin lissafi a wurare da dama, don haka wasan rana a harabar makaranta ya fi yawa yanzu.

Shi ya sa koyarwa take zama uwar garke, sauran su biyo ta. Albashin malami ba yawa gare shi ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, bisa dokar 2024, naira 70,000 ne, ka kuwa san abin da buhun hatsi yake yi wa wannan kuɗi. Amma yana zuwa wata-wata, yana da fansho, yana kuma barin maka yamma da hutun zango. A kansa ake ɗora sauran: wasan rediyo a tashoshi irin su Rima, aikin wayar da kai in wata hukuma ko ƙungiya ta kira, fassara, ɗora murya a talla, ko fitowa a shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A kowace shekara kuma jihohi sukan tura tawaga bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, ta hannun hukumominsu na al'adu.

Suna ba ya biyan kuɗin asibiti. Sadiq Daba, da duk shaharar da ya yi, sai da aka kafa masa gidauniya a bainar jama'a lokacin da ciwo ya kwantar da shi, kafin rasuwarsa a watan Maris na 2021. Wanda zai shiga ya shiga da takarda a hannu, in da hali da 'yar gona a gefe.

Fim fa? Ƙofarsa a buɗe take ga wanda ya ƙware a dandamali. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko a Kano a 1990, ƙungiyar dirama ta Tumbin Giwa ce ta yi shi.

To, addini da mutunci fa? Mace za ta iya?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba kuma ni zan yanke maka hukunci ba, malaminka na nan. Abin da zan iya gaya maka shi ne, in ka saurari masu suka da kyau, yawanci abin da ke cikin wasan suke magana a kai: cakuɗuwar maza da mata, da shigar banza, da rawa, da batsa. Makarantun Islamiyya da kansu sukan shirya ɗan wasa ranar saukar karatu ko walima, a nuna illar gulma ko haƙƙin iyaye, iyaye na zaune suna kallo. A Kano kuma tun 2001 akwai hukumar tace finafinai da ke sa ido a kan abin da ake fitarwa.

Ga mace, hanyar koyarwa ita ce ta fi sauƙin samun amincewar gida. Malama a makarantar 'yan mata tana iya shirya wasa da ɗalibanta, mata zalla kamar yadda ake gauta tun kaka da kakanni, 'yan kallo ma mata. Aikin wayar da kai ma yana bukatarta ƙwarai, domin maganar awon ciki da haihuwa da shayarwa a cikin gida ake yin ta, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. In 'yarka ce mai sha'awar, tambayi makarantar da za ta je yadda suke bita, da ƙarfe nawa ake tashi, da wanda yake kula da su in an fita wasa wani gari. Makarantar kirki za ta ba ka amsa ba tare da ɓata rai ba.